Kilishi a Aljihun Babbar Riga

Kai Sallau, da gemunka da 'ya'yanka kake tambayata dalilin da na ce ka kwashe tukunyar shayin nan daga ƙofar gida? Ai ko ɗan goye ya san amsa. Ni ban hana ka kyauta ba. Wadda na hana ita ce wadda sai ka ɗaga murya ka ce a ƙaro sukari don maƙwabta su ji. Ban taɓa zama a aji ba, amma ban taɓa tambayar abin da idona ke gani ba. Gyara zama, sau ɗaya zan faɗa.

Wani magidanci ne, mutumin kirki, sai dai yana son a gani. Da yara suka sami hutu, ya ce zai kai iyalinsa gandun dajin gwamnati, inda mutanen birni ke barin gadajensu masu laushi su je su kwana a tanti, su kuma hau dutse alhali ba akuyarsu ce ta ɓata a can ba. Ya ɗauki matarsa da yara, ya roƙi surukarsa, uwar matar, ta zo ita ma. Dalili kuwa, ya ji ƙishin-ƙishin tsohuwar ta taɓa cewa hannunsa bai cika buɗewa ba, maganar ta tsaya masa kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Ya ƙudura a tafiyar nan sai ta janye ta. Aka yi guzuri kamar za a Makka a ƙafa: kilishi, dambun nama, cincin, dubulan. Shi kuma ya zuba babbar riga mai aiki da hula, wai mai hawan dutse ke nan. A ƙofar gandun masu tsaro suka ce a sha kallo yadda ake so, amma kada a ba birai abinci. Ya ce ya ji.

Suka kafa tanti a gindin wata ƙatuwar tsamiya suka kwana lafiya. Da safe aka shimfiɗa tabarma, yara sai tsalle suke yi don sun hango barewa. Ana buɗe kwanuka sai ga wani gwaggon biri ya zo ya zauna a gefe, ya zuba ido kamar baƙon da ya san lokacin sauke tuwo. Maigida ya saci kallon surukarsa, ya ga tana gani. Sai ya gyara murya ya ce, "A gidana ba a ci a bar mai kallo!" Ya yagi kilishi kamar faɗin faifai ya jefa. Matar ta ce, "Maigida, an fa hana." Ya ce baƙo baƙo ne ko da wutsiya ya zo. Shi kansa kuwa bai sa komai a baki ba, don wane suruki ne zai zauna yana tauna a gaban uwar matarsa? Rabonsa sai ya naɗe ya cusa a aljihun riga, da niyyar in an hau dutse ya laɓe ya ci.

To, biri ba ya cin alheri ya yi shiru. Suna tsakiyar hawa, tsohuwa a gaba da sandarta, yara na bin ta suna waƙa, sai ga baƙon safe ya dawo da matansa da 'ya'yansa da dangin uwa da na uba. Suka wuce tsohuwa ko kallo babu. Suka wuce yara. Suka wuce matar da ke ɗauke da kular abinci a rufe gam. Sun san mai bayarwa, hancinsu kuma ya gaya musu inda ya ajiye saura. Maigida ya zaro kilishin ya watsa musu, ashe marmari ya tayar. Wani ya kama gefen riga, wani ya zura hannu a aljihu har kafaɗa, wani ƙarami ya sure hula ya haye reshe da ita. Da mutumin naka ya ga abin ba na rarrashi ba ne, sai ya sulluɓe daga cikin rigar kamar maciji ya yi saɓa, ya ba ƙafa iska, daga shi sai singileti da wando.

Ya tarar iyali sun kai ƙololuwa, suna kallon daji shimfiɗe kore shar, kogi a ƙasa kamar zare. Ya raɓe bayan wani dutse yana haki, kunya kamar ƙasa ta tsage. Tsohuwa ba ta ko waiga ba. Ta cire mayafinta ta miƙa wa 'yarta, ta ce, "Kai wa mijinki. Ki ce masa na janye maganata. Wanda ya ba biri har rigar wuyansa, ba a ce masa marowaci." Yara suka yi dariya har da faɗuwa. Aka miƙa masa dambu a bayan dutsen ya ci, sannan ya sauko lulluɓe da mayafin surukarsa, birai na raka shi da ido. Yabon da ya fita nema ya samu, amma ka dai ji a kayan da ya karɓe shi.

Su sauran ba abin da ya taɓa su, don ba su suka yi gayya ba. Shi ya sa magabata suka ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Gobe in fito in ga tukunyar nan a ƙofa, ka gani.

Ku kuma da kuka baza kunnuwa a bakin labule, wa ya kira ku? Maza kowa ya wanke ƙafa ya hau tabarmarsa, kada in ƙara jin ko tari.