Alkakin da Aka Dawo da Shi

Shekara talatin ke nan da zafi ya ƙone rake har a fadama, ƙudan zuma ma suka ɓace. Yanzu tsofaffin da suka haura saba'in kaɗai ake ba sukari, ƙwaya biyu a wata. Shekara huɗu Inna Delu tana shan kokonta lami tana tara nata, don kada a kai garar jikarta babu alkaki.

Washegarin kai gara sai ga Atine, ƙanwar ango, da kwanon alkakin a ka.

"Inna, an ce in dawo miki da shi. Wai ya lalace."

"Alkakin jiyan ne ya lalace?"

"Wani irin ɗanɗano gare shi, har yana kama maƙogwaro. Ango ma tofarwa ya yi."

"Ke, zaƙi ake ce masa. Duk gidanku babu babba ne?"

"Baba ya ci. Sai ya hau kuka, shi ya sa muka tsorata."

Inna ta fizge kwanon, gutsure ɗaya ya faɗi ƙasa. Jerin kiyashi suka iso, suka kewaye shi, suka wuce abinsu.

Ta ja tsaki. "Har da ku?"