Jakar Sanyi da Shanun Arɗo

Tunda ka tsaya kana taɓe baki, wai me ke cikin jakar sanyin nan da za a tsuga mata wannan kuɗi, to gyara zama in ba ka misali. An yi wasu abokai biyu masu yi wa dabbobi allurar rigakafi, ɗaya Bazazzagi, ɗaya Bakano, ka kuwa san wasan da ke tsakani, ba a wuni ba a tsokani juna ba. Aikinsu shiga daji ne a kan babur, daga wannan ruga zuwa waccan. Maganin da suke ɗauka ɗan gata ne, sam ba ya shiri da zafi. In ya ɗumama ya mutu ke nan, amma a ido yana nan garau cikin kwalbarsa, ba wari, ba sauyin launi. To akwai wani arɗo da Bazazzagin nan ya yi shekara da shekaru yana bi, shi kuwa arɗo ya kafe ba mai soka wa shanunsa ƙarfe. Da ƙyar da jiɓin goshi ya amince, amma ya ce in aka yi allurar kuma cuta ta zo ta kwantar masa da garke, kada ya sake ganin ƙafar mai allura a rugarsa. Rugar tana tsallaken kogi, tafiya ce mai nisa, ga shi gargadar hanya ta riga ta tsaga wa Bazazzagin kular robar da yake zuba maganin a ciki.

Sai abokan biyu suka tafi kasuwa tare. Mai shago ya fito da jakunkuna biyu masu laushi, irin waɗanda ake goyawa a baya, launi ɗaya, girma ɗaya. Ta farko bangonta kauri kamar katifa, zif ɗinta sai ka ja da ƙarfi, ko iska ba ta samun hanya. Da aka faɗi kuɗinta sai da Bazazzagi ya yi salati. Ta biyun kuwa shara-shara, kuɗinta kamar kyauta. Bakano ya tsuguna ya yi ciniki har mai shago ya gaji, ya rataya mai arahar yana ƙyalƙyala dariya, ya ce, "Kai Bazazzagi, jaka ka zo saye ko sadaki ka zo biya?" Maganar ta ci masa rai, don gaskiya ba shi da kuɗin. Ya koma gida ya kwance ragon da yake kiwo don layya, ya ja shi kasuwa, ya sayar, ya sayo jakar mai tsada. Maiɗakinsa ta yi faɗa har ta gode Allah, ta ce wato bana sai dai su sa ido a naman maƙwabta. Ya ce ya ji, amma ya riga ya ba mutum magana.

Ranar tafiya suka yi sammako, kowa ya cika jakarsa da ƙanƙara da kwalabe. Suna isa bakin kogi sai aka ce mai fito ya tafi jana'iza, jirgin kuma yana can ɗaure a wancan gefen. Haka suka zube a kan yashi, ba inuwa ko ta ƙaya, rana tana dukan tsakar ka, har la'asar. Ƙishi ya kama Bazazzagi, maƙogwaro ya bushe ƙamas, ga ƙanƙara a gefensa, amma wallahi ko zif ɗin bai taɓa ba. Sai ma ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa wa jakar, shi ya zauna da 'yar shara. Ta Bakano kuwa tuni ta fara zufa tana ɗiga. Da suka haye, Bazazzagi ya zura hannu cikin jakarsa, sanyi ya cije masa yatsu. Ya taɓa ta abokinsa, ya ji ruwa ɗumi kamar na wankan jariri. Ya ce, "Don Allah kada ka soka wa dabbar mutane wannan, zo mu raba nawa." Bakano ya ɗaga kwalba sama ya ce, "Me ya same shi? Ga shi garau!" Nan suka rabu, kowa ya nufi rugar da ake jiransa.

Ba a daɗe ba cutar huhu ta shigo yankin tana kwasar shanu. Da labari ya iso, tsoro ya kama Bazazzagi ƙwarai, ya hau babur, bai tsaya ba sai rugar arɗo. Ya tarar da shanu kwance suna tuƙa, maruƙa suna tsalle, arɗo da kansa ya taso ya riƙe masa babur, ya ce, "Sauko, Malam, ka sha nono." Daɗi ya rufe Bazazzagi, ya sauko ya sha. A hanyar komawa ya biyo ta rugar da abokinsa ya yi aiki, tun daga nesa wari ya tare shi, ungulu sun cika bishiyoyi, ga mai garken zaune a kan turmi da sandarsa a hannu, babu abin korawa. Daga baya Bakano ya je ya sayi jakar mai tsada, amma duk dajin nan ba a sake samun wanda zai bar shi ya taɓa ko da akuya ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce, araha ba ta ado.