Dillalin da Inna Ta Zaɓa

"Inna, yau dai ki zaɓi ɗaya," in ji babban ɗanta, yana duba agogo. Ya gaji da zarya daga Maraɗi, ita ma ta gaji da gardama. Tun rasuwar maigidanta 'ya'yan suka nace a sayar da gidan nan na Banifandu, ta koma wurinsu.

Dillalai uku ne a tsakar gida. Na farko ya auna bango, ya ce in an fasa shi shaguna za su fita. Na biyu ya ɗauki hoto da talho, ya ce kafin Juma'a zai kawo mai saye, amma sai an sare mangwaron da marigayin ya dasa.

Na ukun, wani dattijo mai tsohon moto, ya tuɓe takalma, ya jingina da mangwaron, barci ya kwashe shi.

"Wancan nake so," ta ce.

"Haba Inna! Duk Yamai an san shi. Shekara da shekaru bai sayar da ko ɗaki ɗaya ba."

"Na sani." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Rage murya, kada ka tashe shi."