Tuwon Lahadi

"A nan ake jin kukan, Bambo," in ji Gondwe, tsohon gandiroba, ya ƙi tsallake bakin ƙofar. "Muryar mace ce. Ko masu kiwon awaki ba sa zuwa nan."

Matattu ba su taɓa yi mini komai ba, sai na shiga. Na zo tsohon kurkukun ne in ga ɗakin da aka ce matata Esnati ta yi shekara huɗu kafin ta rasu. A shekarun nan, duk Lahadi nakan kawo mata tuwon masara da busasshen kifi, ni nake tuƙawa, ni da ban taɓa riƙe muciya ba a da. Ba a barin kowa ya ga fursunan siyasa. Gondwe yakan caccaka tuwon da wayar ƙarfe, wai neman wasiƙa, ya shige da shi.

Na sami sunanta a bango, da rubutunta. A ƙasa ta ja layi ɗaya kowace rana, yadda fursunoni ke yi. Na ƙirga sau uku. Layi goma sha tara ne kacal.

"Gondwe, shekara huɗu wa ke cin tuwon?"

Ya dubi takalmansa, ya ce:

"Daga shekara ta biyu ya daina gudaji, Bambo."