Sarƙar da Murdo Ya Ba Baƙar Mage

Murdo Rennie ya zuba gyaɗa da tuffa a kwano, ya ajiye kusa da ƙofa, sannan ya koma gaban talabijin ya kunna katun ɗin nan da ake sakawa kowace shekara a daren Halowin, daren da yara ke ɓad da kama su zaga gidaje. Tsoho ne da ya ba saba'in baya, amma ya ƙura wa zanen yara ido kamar mai shirin jarrabawa.

Maƙwabciyarsa Senga ce ta jawo. Da safe ta leƙo ta kan shinge.

"Kai, sarkin taurin kai, ka ji labari? Su Shona za su koma Kanada ran Asabar. Amma yau ’yar tata za ta zaga da yara har layinmu. In ka ga dama ka tare su da wannan fuskar shanun taka."

Shona ’yarsa ce tilo. Ranar da aka binne mahaifiyarta ya yaɓa wa mijinta baƙar magana a gaban mutane, tun daga nan ba ta sake taka gidan ba. Shi kuwa Murdo, gara masa mutuwa da ba da haƙuri. A lokacin jikarsa Ailsa tana tatata. Yanzu har ta shiga makaranta, kuma ko karo suka ci a hanya ba lallai ya gane ta ba. Abin yana cinsa ƙwarai, faɗi ne kawai ba ya yi.

Yaran garin duk shigar ’yan katun ɗin suke yi. Akwai Baƙar Mage mai bakin tsiya, akwai Kabewa matsoraci, sai wata ’yar Fatalwa da ba ta cewa uffan, aikinta bin mutane hannu a buɗe suna gudu. Ita wannan da ta fito Murdo yake tashi ya ɗora shayi. Shona tana ƙarama Mage ce gwanarta, har wutsiya uwarta ta ɗinka mata. To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Murdo ya san wadda zai jira.

Ya buɗe akwatin marigayiya matarsa, ya ɗauko sarƙarta ta azurfa, ya ƙulle a ɗan ƙyalle ya sa aljihu.

Dokar daren guda biyu ce. Yaro ba ya samun ko ƙwayar gyaɗa sai ya yi waƙa ko ya ba da dariya. Maigida kuma ba ya kiran sunan yaro, ba ya cewa a buɗe fuska, ko da ya gane. Ta farkon nan, kaf layin babu mai riƙe ta kamar Murdo.

Da almuru aka fara buga ƙofa. Kabewa suka zo suka wuce. Wata Mage ta zo, amma ta yi girma. Sai ga wasu su huɗu: Kabewa biyu, Fatalwa cikin farin zanin gado, da wata ’yar Mage da jan gashi ya leƙo ta bayan kunnenta na kwali. Jan gashi irin na Shona.

Mage ta rera waƙarta, ta ɓata baiti, ta yi dariya ta sake. Kabewa suka ba da labarin dariya mara gishiri, ya cika musu jaka ba tare da ya saurara ba.

Sai Fatalwa ta matso, ta tsaya daf da shi, ta buɗe hannuwa biyu.

"Ke kuma fa?"

Ta ƙara buɗe hannuwan.

"Baba, ai ita ba ta..." in ji Mage.

"Bari, ’yata, ba da ke nake ba." Ya juyo ga Fatalwa, murya ta koma tasa ta kullum. "Har hannu biyu? Ba waƙa, ba gyaɗa. A gida ba a koya miki ba? Matsa can, kin tare ni."

Hannuwan suka sauka a hankali. Ta koma baya.

Murdo ya sunkuya, ya danƙa wa Mage ƙullin. Sunan yana kan harshensa, ya haɗiye.

"Kada ki buɗe a hanya. Ki kai wa mamarki, ki ce daga tsohon gidan nan ne."

Ya tsaya a ƙofa yana bin wutsiyar da kallo har suka sha kwana. Ya shiga ciki ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Daga baya ya buga wa Senga bango da sanda, ya ɗaga murya:

"Na gan ta! Muryar Shona sak!"

Washegari ya sa sabuwar riga, ya zauna kusa da waya. Ƙofa aka buga. Wata mata ce da bai sani ba, mai jan gashi, sarƙar tana tafin hannunta.

"Ina kwana, Baba. Ka yi haƙuri, ’yata ce ta zo mini da wannan jiya. Na san kuskure ne."

"’Yarki?"

"Mai shigar Mage. Ai daga gidan nan ma suka juya, ko rabin layin ba su yi ba, ƙawarta Ailsa, mai shigar Fatalwa, ta ƙi daina kuka." Ta miƙo masa sarƙar. "Kuma ita Ailsa ɗin ce ta nace su zo nan. Wai za ta buɗe hannu kamar a katun, ta tabbata kakanta shi ba zai guje ta ba."