Dokar Raɗa a Kunne

"Ban yarda ba!" Na buga tebur har ƙwayar ludo ta yi tsalle.

Yaya ne ke jan wasan labarin da muke yi, kowa da jaruminsa. Da can, in jaruminka ya shiga bincike a ɗakin littattafai, ka jefa ƙwaya ka ci, kati ake miƙo maka ka karanta sirrin. Tunda abokinsa Tela ya shigo, Yaya ya canja doka: a kunne ake raɗawa.

Shekara biyu ina teburin nan, ba a taɓa canja komai saboda ni ba. Yanzu sai ƙus-ƙus da dariya, ni ƙaninsa ina kallo.

"A dawo da kati, ko in tashi!"

Yaya ya ɗauko katunan ba da son ransa ba. Tela ya jefa, ya ci. Yaya ya rubuta sirrin a kati, ya miƙa masa.

Tela ya ƙura wa katin ido yana gyaɗa kai. "To, na gane."

Na leƙa. A juye ya riƙe shi.

Na zare katin a hankali, na matsa kusa da kunnensa.

"Na fasa," na ce. "A kunne ake faɗa."