Yatsan Aro

Tun da fuska da murya na bogi suka yi yawa, makarantu suka daina yarda da ido. Ba a ba uwa ɗanta sai ta haɗa babban yatsa da ƙaramin a gaban gilashin ƙofa, domin motsin kowa daban yake.

Lantana ta iso tana ta murza hannu. Tun ranar da injin markaɗe ya yanke mata jijiya babban yatsanta ya daina motsi, mijinta ke ɗauko 'yarsu Walida. Yau kuwa ya tafi Gusau. Kwanakin baya likita ya ciro jijiyar da ke jan yatsan zobe ya dasa wa babban, ya ce in tana so ya motsa, ta yi niyyar lanƙwasa na zoben.

"Hajiya, hanzarta," in ji Malam Tanko maigadi. "Da la'asar motar gidan reno ke kwashe waɗanda ba a ɗauka ba."

"Haba Malam, ka san ni fa! Har tuwon sunan Walida ka ci."

"Ni na ci. Ƙofar ce ba ta ci ba."

Ta yi bisimilla, ta tuna yatsan zobe. Babban ya taso a hankali, ya taɓa ƙaramin. Gilashin ya yi ja, ƙofar ta ƙi buɗewa.

Walida na tsaye daga ciki, rungume da jakarta.

"Walida, gaya musu ni ce!"

Yarinyar ba ta dubi fuskarta ba. Hannun ta duba, yadda aka koya musu a aji, sannan ta ja da baya.